Wasiƙa daga Kansas: labarin ƙaton nan mai gashin baki

Assalamu alaikum Koci,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ka gaishe min da ita sosai, ka ce mata ban manta da maganar man zafin ba, jira nake in samu mai zuwa gida.

Saƙon muryarka na minti goma sha ɗaya ya iso, sau biyu na saurara a mota a hanyar dawowa daga aiki, kuma wallahi raina ya ɓaci. Shekara tara kana mataimaki, kai ne fita filin tun asuba, kai ne rarrashin iyayen yara, kai ne cikon kuɗin ruwa daga aljihunka, sannan da kujera ta faɗi sai a ɗauko wani daga waje a ɗora maka a kai. Na ji ka ce za ka ajiye usur ka koma shagon yayanka. Na fara danna maka amsa sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna yau Lahadi na ce bari in rubuta kamar zamanin da.

Ka tuna hoton da na sa a sitatus kwanaki, wani ƙato da jar riga da jar hula da gashin baki kamar tsintsiya, ka ce min wannan ai ya fi kama da mai gidan burodi? To shi ne kocin garin nan, Andy Reid sunansa, kuma a Kansas in ka zage shi a cikin bas ban ce za ka sauka lafiya ba. Kocin ƙwallon Amurka ne, wannan da kake ce wa kokawar masu hular kwano. Ni ma da na zo haka na ɗauke ta, sai da wani abokin aikina ya zaunar da ni ya yi min dalla-dalla. Mutum sha ɗaya-sha ɗaya ne kamar tamu, amma ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, in ka ci a sake ba ka huɗu, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Duk tsayawar nan da kake gani suna yi, koci ne yake faɗa wa mai jefa ƙwallo, kwatabak suke ce masa, dabarar da za a buga ta wata 'yar rediyo da ke cikin hularsa. Wato a nan koci kusan shi ke buga wasan da bakinsa. Kuma kulob ɗaya sai ka ga koci wajen ashirin, kowane sashe da nasa, har masu tare gaba da masu karɓar jifa kowa da malaminsa. Kulob 32 ne kacal a babbar gasar NFL, kujerar babban koci 32 kenan a ƙasar nan gaba ɗaya, to ka lissafa yawan masu hanƙoron ta.

Shi Reid ɗin nan a Los Angeles aka haife shi a 1958, ya buga wasa a jami'ar BYU da ke jihar Utah, cikin ƙartin nan biyar da ke yi wa kwatabak katanga, aikin da ba wanda yake tafa maka sai dai a zage ka ranar da aka wuce ta wajenka. Bai taɓa buga NFL ba ko sau ɗaya. A 1982 ya fara koyarwa a nan BYU a matsayin ɗan ƙaramin mataimaki, irin wanda ake aike. Daga nan sai San Francisco State, shekara uku, makarantar da ba ta da kuɗin wasanni har kocinan suna sayar da burodi da sosej a harabar makaranta don a samu na tafiyar da ƙungiya. Da na ji wannan kai na tuna, lokacin da kake bin 'yan kasuwa da takardar neman gudummawar jesi. Sai Northern Arizona shekara ɗaya, sai El Paso a Texas shekara biyu, sai Missouri shekara uku. Ka duba taswira ka ga nisan wuraren nan, kowane ƙaura da mata da yara da kwalaye, kuma duk aiki ɗaya yake yi, koya wa ƙarti yadda za su dasa ƙafa su tare mutum. Shekara goma cur a haka.

Inda nake so ka tsaya ka duba shi ne yadda aka yi ya fita daga wannan zagayen. A waccan shekarar ta 1982 a BYU akwai wani koci mai suna Mike Holmgren da yake kula da kwatabak, ya ga yadda yaron yake aiki ya riƙe abin a ransa. Shekara goma bayan nan, a 1992, aka ba Holmgren kulob ɗin Green Bay Packers, sai ya ɗaga waya ya kira shi. Shi ke nan fa. Ba takardar neman aiki ce ta kai shi NFL ba, wani ne da ya gan shi yana wahala tun yana ɗan shekara 24 ya tuna da shi. Su ma nan haka harkar take, wa ka sani wa ya san ka, har suna da hira a kai, sai ka ji ana cewa wane reshen bishiyar wane ne, ma'ana a hannunsa ya tashi. Bambancin da na lura da shi kawai, a nan wanda ya ɗauko ka in ka kasa shi ma kujerarsa ce take rawa.

Ya yi shekara bakwai a Green Bay, sun ci babban kofin, Super Bowl, a farkon 1997 yana mataimaki, sannan aka ba shi kula da Brett Favre wanda a lokacin shi ne tauraron kwatabak. Sai a 1999 Philadelphia Eagles suka ba shi babbar kujera yana ɗan shekara 40, bayan shekara 17 yana ƙarƙashin wasu. Mutanen garin ba su san shi ba, kuma 'yan Philadelphia ba su da kunya ko ta sisin kwabo a harkar wasa. Ɗan wasan farko da ya zaɓa a taron da kulob-kulob ke zaɓar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi, Donovan McNabb, ihu suka yi masa a zauren tun kafin ya taɓa ƙwallo. Kakar farko wasa 5 ya ci aka cinye shi 11.

Daga baya ya gyara kulob ɗin har ya zama abin tsoro, amma sai wani ciwon ya fito. Shekara huɗu a jere suna kaiwa wasan da in ka ci ka shiga fainal, uku na farko duk aka fitar da su, na huɗun suka tsallake suka je fainal a 2005 New England ta doke su 24 da 21. Nan aka liƙa masa suna, wai ya iya dafa tuwo amma bai iya kwashewa ba, wai bai san lissafin agogo a ƙarshen wasa ba. Kuma gaskiya ba duka ne sharri ba, masu bin wasan tun lokacin sun ce min akwai ranakun da ya ɓarar da lokaci da hannunsa. Shekara da shekaru wannan tambarin yana goshinsa.

Akwai kuma ɓangaren da ba na so in ɓoye maka don kar ka ce na kawo maka labarin daɗi zalla. Aikin nan yana cin gida. Kocinan nan wasu a ofis suke kwana lokacin kaka, suna kallon bidiyon abokan karawa har tsakar dare. 'Ya'yansa maza biyu sun faɗa harkar ƙwaya har ta kai su ga kurkuku, a 2007 sai da ya ɗauki hutu daga aiki saboda su. A watan Agustan 2012 aka tsinci gawar babban ɗan nasa a ɗakinsa a sansanin atisayen kulob ɗin, yana da shekara 29. Ban ce aikin ne ya jawo ba, wannan Allah ne masani, kuma ba a yi wa uba hisabi daga nesa. Amma duk lokacin da na ga ana nuna shi yana ɗaga kofi sai abin ya faɗo min. Wannan kakar wasa 4 kawai suka ci cikin 16, ranar Litinin 31 ga Disamba suka sallame shi bayan shekara 14. Litinin ɗin bayan rufe kaka dama ranar kora ce a NFL, kowa ya san da ita, kocinan da ba su yi abin kirki ba tun daren Lahadi suke fara haɗa kaya.

Ni da ni ne, ga rasuwa ga kora a shekara ɗaya, ai sai in koma gida in rufe ƙofa. Shi ko sati bai cika ba ya karɓi Kansas City Chiefs, kulob ɗin da ya ci wasa 2 tak a kakar da ta wuce. Shekararsa ta farko suka ci 11. A taron zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017 suka ba wani kulob zaɓukansu masu tsada suka hauro zuwa lamba 10 a layi don su ɗauki wani yaro kwatabak daga jami'ar Texas Tech, Patrick Mahomes, kuma ka san me ya yi da shi? Ya ajiye shi a benci kusan kaka guda yana kallon babban kwatabak ɗinsu Alex Smith yana koyo. Wannan kam kai na san za ka gane, kai da kullum kake faɗa da iyayen da ke son a sa ɗansu a fili tun bai iya tsayar da ƙwallo ba.

Ranar 2 ga Fabrairun 2020 suka doke San Francisco 31 da 20. Kofinsa na farko kenan a matsayin babban koci, yana ɗan shekara 61, a kakarsa ta 21 a kan kujera, garin kuma rabonsa da kofin shekara 50. Suka sake ci a 2023, kuma wa suka doke? Philadelphia da ta kore shi, 38 da 35. Suka ƙara a 2024. Sai a 2025 Philadelphia ɗin ta rama, ta yi musu dukan kawo wuƙa 40 da 22, ranar unguwarmu tsit kamar an yi mutuwa. A Janairun 2024 kuwa an buga wani wasa a nan filin Arrowhead da Miami cikin sanyin da ya kai wajen 20 ƙasa da sifili, gashin bakin nasa ya daskare ƙanƙara na reto a jiki, dattijo yana tsaye a bakin layi da takardar dabarunsa ko gezau. Ni ina ɗaki da bargo biyu da shayi ina kallonsa a talabijin.

Af, kafin in manta, tsofaffin garin nan da sun ji ka ce Najeriya sai su ce Okoye. Wani Christian Okoye ɗan Enugu ya buga musu daga 1987 zuwa 1992, har yanzu ana sa rigarsa. Sau biyu ana min ragi a gareji albarkacinsa.

To Koci, ni ba zan ce maka kar ka koma shago ba, kai ka san nauyin da ke kanka, kuma Reid ko a lokacin da yake yawon jihohi albashinsa yana shiga duk wata, kai kuwa wata nawa kake bi. Tambayata ɗaya ce. Cikin duk waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu a shekara taran nan, da yaran da suka tashi a hannunka suka yi gaba, wa ka taɓa kira ka gaya masa halin da kake ciki? Na san ka da zurfin ciki, gani kake kamar roƙo ne. Wancan tsohon ogan naka da ya koma Kaduna, wanda ya ce ba shi da kamar ka a wajen gyaran 'yan baya, kana da lambarsa ko in nemo maka ta wajen ƙanena?

Na sayo maka agogon gudu da usur biyu da takalmi lamba 43, in ƙafar ta ƙaru ka faɗa min kafin ƙarshen wata don in canza. Za su zo tare da man Hajiya. Ka gaida madam da yara, ka ce wa babban ya daina turo min bidiyon Arsenal, na gani, na gode.

Naka har kullum,
mutuminka na Kansas