Wasiƙa zuwa ga aminina a kan shawar sabon gidansa

Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kai da iyali kuna lafiya, kuma sanyin Ingila bai takura muku ba. Mu nan sai godiyar Allah. Na je wajen Hajiya shekaranjiya na same ta lafiya, kuma ta ce in gaishe ka da yaran.

Aikin gidanka ya kai inda ba za a iya ci gaba ba sai da amsarka, domin magina sun gama shafe, mai aikin famfo kuma ya ce ba zai bari a lika tayil a banɗaki ba sai ya san irin shawar da za a sa, tun da hanyar da tiyo zai bi cikin bango ta dogara da ita. Na karanta takardar da ka aiko mini ta shawar zamani wadda ake sarrafawa da maɓalli marar waya, kuma na fahimci abin da ya ja hankalinka. Akwati ne ƙarami da ake ɓoyewa a cikin rufi, ruwan zafi da na sanyi su shiga cikinsa, na'urar da ke ciki ta riƙa auna ɗuminsu tana gauraya su daidai lambar da aka zaɓa, maɓallin da ke jikin bango kuma yana aiki da batir, yana aika umarni ta iska. Kamfanin Aqualisa na can wajenku ya fito da shawa mai irin wannan akwatin tun 2001, saboda haka ba zan ce abu ne da ba a gwada ba. Na kuma san Hajiya ka tuna, wadda murɗa kan famfo yake yi wa wuya saboda ciwon yatsu.

Amma ka daɗe ba ka yi bazara a gida ba. Maɓallin ne kawai yake amfani da batir. Akwatin kansa wutar lantarki yake sha, kuma idan aka ɗauke kuran bawul ɗinsa ba zai buɗe ba, ko da tanki cike yake maƙil. Ka ƙaddara yammacin wata rana cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mutum ya dawo daga kasuwa jiƙe da gumi, ya danna maɓalli shiru, ga ruwa bisa kansa amma sai ya koma neman bokiti da moɗa. A unguwarmu wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin zafi.

Sai maganar ruwan kansa. Ka san garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga wajen Gogo da Macaya da Arunguza, kuma ba kullum yake isowa famfo ba, shi ya sa kowane mai hali yake tara shi a tanki, marar hali kuma ya jira ƴan garuwa. Ruwan da yake saukowa daga tanki ba shi da ƙarfi, domin sai tsayi ya kai mita 10 kafin ya ba da ƙarfin “bar” ɗaya (ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan), alhali tankinka bai fi mita 3 bisa kan shawar ba. Wadda ka nuna mini an yi ta ne domin gidajen da ruwansu yake zuwa da ƙarfi. Akwai wata mai ɗan injin tura ruwa a cikinta, sai dai ita ma injin nata da wuta yake tashi. A makon jiya mai aikin famfo ya kwance rariyar bakin famfon gidana a gabana, ya zazzage ta a tafin hannunsa, sai ga jan rairayi ya kusa cika cokalin shayi, kuma wata shida ke nan da wanke ta. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan ne zai shiga cikin akwatin abokin naka.”

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wanda takardar ba ta ambata ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san ranarmu ba. Wannan na'ura ba ta dafa ruwa, ba ta kuma sanyaya shi, gaurayawa kawai take yi. A can inda kake, ruwan sanyi yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da sanyinsa duk shekara, saboda haka na'urar tana da abin da za ta rage zafi da shi. A nan kuwa, daga Maris har saukar damina, baƙin tanki yana wuni cikin rana a bisa soro, kuma da azahar ruwan da muke kira na sanyi yakan yi zafin da yaro zai janye hannunsa. Ko ka danna 30 sau goma, abin da ke cikin tanki shi za ta ba ka. Ruwan zafi kuma ba ma nemansa sosai sai cikin hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, musamman da asuba. Ashe za ka kashe kuɗi mai yawa a kan gwanintar da za a mora wata biyu ko uku kawai.

Idan ta lalace kuma, ban san wanda zai taɓa ta ba. Na zagaya shagunan kayan famfo na wajen Kasuwar Dole da hotonta a wayata, babu wanda ya ce yana da kayanta. Kano tana da nisan kusan kilomita 240, kuma ko can ɗin ba ni da tabbacin za a dace, sai dai a jira ka aiko.

Shawarata ita ce ka sayi mai gaurayawa ta hannu, amma ba irin tsohuwar nan mai kai biyu da mutum yake ta murɗe-murɗe ba. Ka nemi wadda take daidaita ɗumi da kanta. A cikinta akwai wani ɗan ƙulli mai kakin zuma na musamman, wanda yake kumbura idan ruwa ya yi zafi ya rage hanyar ruwan zafin, ya tsuke idan ya huce, duk ba tare da wuta ba. Yawancinsu suna da makari a digiri 38, wanda sai an danna shi da gangan kafin a wuce, kuma idan ruwan sanyi ya yanke takan toshe na zafin. Wannan ya zama dole, domin ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma tukunyar ɗumama ruwa ta hasken rana takan wuce haka a ranarmu. Saboda Hajiya, ka zaɓi mai doguwar mariƙa wadda ake turawa da gefen hannu.

Idan za ka saya, ka duba jikin kwalin ka tabbata an rubuta tana aiki da ƙarfin ruwa na “bar” 0.2 ko ƙasa da haka. Ka ɗauki irin wadda ake ɗaurawa a kan tayil a fili, mai tazarar milimita 150 tsakanin bakunanta biyu, na zafi a hagu na sanyi a dama, domin ranar gyara ba sai an fasa bango ba. Ka haɗo da ƙullin cikinta guda biyu na ajiya. Abin da ya rage daga kuɗin, in ka amince, zan sa a yi wa tanki rumfa, a ɗaura matacin ruwa a bakinsa, sannan a sayi tukunyar hasken rana.

Mai aikin famfo yana da wani aiki a Mirriya mako mai zuwa, saboda haka ina roƙonka ka ba ni amsa kafin Juma'a, don ya shimfiɗa tiyo kafin ya tafi. Ka gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka na Damagaram.