Rahoton kwamitin gyaran ɗakin kwamfuta na kolejinmu a Damagaram

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da tsofaffin ɗalibai. Aikin da kuka ɗora mana na gyara tsohon ɗakin ajiya da ke kusa da ofishin darakta, a mai da shi ɗakin karatu da kwamfuta, ya kammala da yardar Allah. An miƙa makulli, azuzuwa kuma sun fara shiga.

Mafi yawan kuɗin da kuka tara ba a sayen kwamfuta ya tafi ba. Rufi, tagogi da wuta ne suka cinye shi. An yi muhawara mai zafi a kan haka a taron iyaye, domin wasu sun so a cika ɗakin da na'urori tun farko. Kwamiti bai yarda ba. Duk wanda ya zauna garin nan ya san zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ya kuma san yadda ƙurar hunturu ke kutsawa ko ta kafar allura. Zafi da ƙura su ne ajalin kwamfuta.

Magina sun kwance tsohon kwanon da ke yoyo, suka ƙara tsawon bango, aka bar sarari tsakanin kwano da rufin ciki don iska ta riƙa ratsawa. Tagogin gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa, an sa musu gilashi da raga. An yi daɓen siminti, mai walda ya haɗa ƙofar ƙarfe. Ruwan gini ya ba mu wuya kamar yadda aka saba a Damagaram. Da taimakon ƴan garuwa da ƙungiyar iyaye mata aka samu aka jiƙa bulo da shafe yadda ya kamata, Allah ya saka musu da alheri.

Batun wuta shi ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Wani kaso na wutar yankinmu daga Nijeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo Gazawa, kuma ba mu manta da halin da aka shiga ba lokacin da aka yanke shi a watan Agusta na 2023. Saboda haka muka ɗora farantan sola a kan rufi. Batura an yi musu ɗan ɗaki daban mai shan iska, tunda zafi yana rage musu kwana. Mun zaɓi kwamfutocin tafi-da-gidanka a kan na tebur: cin wutarsu kaɗan ne, kuma kowace tana da batir nata, ko wuta ta tsaya darasi ba ya tsayawa. Sharar ƙura daga kan faranti aikin kowane mako ne, an ba mai gadi da ɗaliban manyan aji.

Intanet kuwa, makaranta ba ta da ƙarfin sayen data kowane wata, ba mu kuma so mu ɗora wa iyaye wani sabon nauyi. Sai aka kafa ƙaramar na'ura ta Raspberry Pi wadda ke raba karatu ga kwamfutocin ɗakin ta waifai, ba tare da an fita intanet ba. A cikinta akwai manhajar Kiwix ɗauke da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa. An sa GeoGebra don lissafi da zanen siffofi, LibreOffice don rubutu, da PhET, gwaje-gwajen kimiyya na cikin kwamfuta na Jami'ar Kolorado a Amurka. Mun ga amfanin wannan da idonmu: malamin kimiyya ya haska da'irar lantarki a bango da majigi, ɗaliban da ke shirin BEPC, jarrabawar kammala koleji, suna ƙara batir suna rage shi, suna ganin kwan fitila yana haske yana dushewa. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

An kuma daidaita allon bugu. Kwamfutocin sun zo da tsarin Faransanci na AZERTY, wanda ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Tunda a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bai kamata yaranmu su kasa rubuta ta daidai ba.

Malamai sun samu horo kafin a buɗe ɗakin, amma gaskiya bai isa ba. Wasu har yanzu suna ɗari-ɗari, suna tsoron kada su ɓata kaya, kuma ɗakin da malami ke tsoro a kulle zai zauna. Mun roƙi darakta ya haɗa kowane da abokin aikinsa da hannunsa ya faɗa. Mun kuma lura samari na rige-rigen kujerun gaba suna barin ƴan mata a baya, don haka aka ware wa ƴan mata lokacinsu a jadawali.

Saura labule, ƙarin fankoki, da asusun sauya batura idan sun tsufa. Lissafin shiga da fita, tare da rasidai, yana manne a allon sanarwa, kuma ma'aji zai amsa tambayoyi a taron iyaye mai zuwa.