A daina yi wa 'yan'uwa tsarabar na'urar naɗar talabijin daga Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in ja kunnen 'yan'uwana mazauna Amurka, da masu sayen kayan Beljiyam a gida, game da wani akwati da ya ci mini kuɗi, saura ƙiris ya ci na ƙanena.

Ni direban tasi ne a birnin New York, a unguwar Bronx nake zaune, kuma aikin dare nake yi. Ina fita bayan la'asar, sai asuba nake shigowa. Wasan ƙwallon Ingila da kuke kallo da yamma a gida, mu nan da hantsi yake zo mana, daidai lokacin da nake sharar barci. Shi ya sa shekarun baya na sayi na'urar naɗar shirye-shirye, wadda ake ce wa DVR. Ba irin ta kyamarar tsaro da ake kafawa a shaguna nake nufi ba, ko da yake sunansu ɗaya. Wannan akwati ne mai rumbun ajiya irin na kwamfuta, ka gaya masa wasan da kake so, ya naɗe maka, in ka tashi ka kalla kana shan shayi, kana tsallake talla.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, sayen akwatin daban, samun hoto daban. Siginar da kamfanin kebul yake turowa ta waya a kulle take, kuma mabuɗin yana hannunsa. Mabuɗin nan wani siririn kati ne mai rufin ƙarfe, CableCARD, wanda ake zurawa a bayan akwatin. Kamfanin ne yake ba ka shi haya. Ranar da aka kawo nawa, sai da na yi kusan awa guda a waya ina karanto wa wata ma'aikaciya dogayen lambobin da suka fito a fuskar talabijin, tana shigarwa a wajenta, kafin aka ɗaura wa kati da akwati aure. Hoto ya fito tar. Na ce to, Alhamdu lillahi.

Ashe da sauran rina a kaba. Wasu tashoshin, ciki har da wata ta wasanni da nake biyan kuɗinta, sai baƙin allo. Dalili kuwa, akwai tashoshin da kamfanin ba ya turo su kullum, sai wani a unguwar ya nema sannan a sako su, don a rage cunkoso a waya. Dikodar kamfanin ta iya aika wannan buƙata. Akwatina kuwa karɓa kawai ya iya, ba ya mayar da magana. Sai aka ƙaro mini wani ƙaramin akwati da ake haɗawa ta USB, ya zama ɗan aike a tsakaninsu. Ɗan aiken nan ne ya fi ba ni wahala. Wata Asabar na tashi da azahar, na kashe sanarwar waya don kada wani ya faɗa mini sakamako, na zuba shayi, na danna rimot. Awa biyu cur akwatin ya naɗa, amma duhu zalla. Na leƙa baya, ga fitilar ɗan aike tana ta ƙyaftawa. Maganinta dai a cire wuta a mayar, amma wasa ya riga ya wuce.

Kada a ɗauka babu doka a kan wannan. Tun 1996 majalisar dokokin Amurka ta ce a bai wa jama'a damar sayen na'urarsu a kasuwa maimakon dogaro da hayar ta kamfani. Daga nan katin ya samo asali, ya fara shiga gidaje a 2004, kuma a kansa na'urori irin na kamfanin TiVo, wanda ya fara sayar da DVR a 1999, suka dogara wajen kama tashoshin kebul. To amma a watan Satumban 2020 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta soke ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanoni tallafa wa katin. Tun daga nan kowa ya san inda aka dosa. Kamfanoni sun fi son su yi amfani da wayar wajen intanet, talabijin ma ta intanet ɗin suke son turo ta. Nawa kamfanin ya aiko da takarda cikin ladabi cewa suna gyaran layi, katina zai daina aiki, in zo in karɓi tasu dikodar, haya wata-wata. Akwatin da ko ƙwarzane babu a jikinsa ya tashi daga aiki.

A nan ne na kusa tafka kuskuren da ya sa na rubuto. Na ce maimakon ya zauna yana shan ƙura, bari in sa shi cikin kayan da zan aika Kano. Na kira ƙanena, ya yi ta murna. Allah ya taimake mu, ya ce, "Yaya, bari in tambayi wani abokina mai gyaran talabijin a Sabon Gari tukuna." Ya haɗa mu a waya. Ina gama bayani mutumin ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, don Allah kada ka wahalar da kanka. Irinsa uku ne a ƙarƙashin teburina, masu su sun ƙi dawowa ɗauka."

Bayanin da ya yi mini, na bincika na tarar haka yake. Abin da muke kira kebul a gida yawanci ba kebul ba ne. DStv ta tauraron ɗan'adam take zuwa, sai da dish. GOtv kuwa, da dikodar StarTimes mai eriya, ta iska suke kamawa, a kan tsarin DVB-T2, wanda shi ne Nijeriya ta ɗauka da ta fara komawa tsarin dijital a Jos a 2016. Akwatin Amurka an ƙera shi ne don tsarin QAM na waya, ko ATSC na eriya. Ko harafi ɗaya na yaren siginarmu ba ya ji. Tsofaffin ma da suke da ramin jan waya da fara da rawaya, tsarin hotonsu NTSC ne, namu PAL. Sannan ga wuta: tasu 120 ce, tamu 230, kuma ba kowace na'ura ce take ɗaukar duka biyun ba. Wadda ba ta ɗauka, kana jona ta sai hayaƙi.

Na ce masa, to a jona shi a bayan dikoda mana, ya riƙa naɗar abin da take fitarwa. Ya ce ta ina? Ramin HDMI da ke jikinsa na fita ne, ba na shiga ba. Kuma ko da akwai na shiga, hoton da ke bi ta HDMI yana da nasa kullen da aka sa musamman don hana kwafa.

Shawararsa ga ƙanena mai sauƙi ce. In tashoshin biya yake son naɗa, ya nemi dikodar kamfanin da kanta mai naɗa, kamar Explora ta DStv, ya kuma tambayi kuɗin da ake ƙarawa kafin ya saya. In tashoshin kyauta ne, yawancin dikodojin dish na yanzu suna da ramin USB, filashi mai kyau ya wadatar. Kuɗin da zan kashe wajen aika nawa akwatin ya isa ya sayi irin wannan har da canji.

Ba na zargin masu aikawa, niyyarsu alheri ce, ni ma tawa haka take. Wanda nake jin haushi shi ne ɗan kasuwar da ya san abin ba zai yi aiki ba, ya jona shi a shago, fitila ta kama, suna ya fito a allo, ya ce wa mai saye, "Ka gani, lafiya lau, ɗan Amurka ne." Kuma tunda mutanen Amurka suna ta ajiye irin waɗannan akwatuna, ina kyautata zaton kwantena-kwantena za su yi ta sauka Legas, daga kasuwar Alaba su gangaro Arewa. Don haka, Malam Edita, ina roƙon ka tura ɗaya daga cikin wakilanka wajen masu gyara, su nuna wa masu karatu da hoto abin da za a duba a bayan na'ura kafin a biya: a ga an rubuta DVB-T2 na eriya ko DVB-S2 na dish, a ga wutar ta kai 240, kuma a sa mai shago ya kamo tasha a gabanka.

Nawa akwatin yana nan a kan durowa. Wasannin da ya naɗa tun da can suna ciki, wani lokaci in na dawo da asuba barci ya ƙi zuwa, nakan kunna ɗaya, duk da na san wanda ya ci.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta ku kullum,
daga Bronx, New York, Amurka