Rahoton Kwamitin Gudanarwa ga 'Yan Ƙungiya: Ayyukan Jinƙai na Ɗaliban Injiniya, Zangon 2024/2025

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin gudanarwa, muna gabatar wa 'yan uwa ɗalibai da malamanmu masu ba mu shawara bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a wannan shekara, da kuma ƙofofin da ke buɗe ga duk mai son shiga.

Jadawalin da muka tsara tun farko bai yi aiki ba, domin a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu, irin ambaliyar da Maiduguri ba ta gani ba tun 1994. Da ruwa ya janja, sai muka tarar masai da rijiya sun haɗe a gidaje da dama, kuma a watan Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara. Saboda haka kwamiti ya yanke shawarar mayar da ƙarfinmu kan ruwan sha kaɗai, ganin cewa ba mu da halin rabon abinci ko tufafi, amma muna da ilimin auna ruwa da gyara famfo.

Mun yi aiki da ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi a duniya: aƙalla lita 15 ga mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, sannan ramin masai ya nisanci rijiya da mita 30. A takarda abu ne mai sauƙi, amma a lungun da katanga ke manne da katanga, samun mita 30 sai an zauna da bulama, wato mai unguwa, da magidanta an daidaita. A nan ne muka yi kuskuren da ya kamata mu faɗa a fili. A makon farko mun zuba sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta fiye da kima a wasu jarkokin ruwa, kuma da muka koma wani gida sai muka iske jarkar a bakin zaure ba a taɓa ta ba, uwar gida ta ce warin ya hana yara sha, sun koma randar da aka cika daga tsohuwar rijiya. Daga ranar muka daina kintace, muka riƙa auna ragowar kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita, kuma mai aunawa shi ke fara kurɓa a gaban masu gida.

Bayan haka mun duba rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola, inda sau da yawa matsalar ba ta wuce laka a kan farantan sola ko wayar da ta tsinke ba. Da bazara kuma mun gwada tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar sanyaya kayan miya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Game da shiga, ɗaliban ajin ƙarshe za su iya ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli a matsayin kundin kammala karatu, masu zuwa horon SIWES kuma, wato horon koyon aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, su nemi gurbi a hukumomin ruwa ko ƙungiyoyin agaji. Sababbin ɗalibai ma akwai musu wuri a fitar ƙarshen mako. A tuna cewa ƙungiyar injiniyoyi masu aikin sa kai, Engineers Without Borders ta Amurka, wadda Farfesa Bernard Amadei ya kafa a 2002, ta samo asali ne daga aikin ruwa da ya yi da ɗalibansa a wani ƙauye na Belize. Buƙatarmu mafi girma ita ce ɗalibai mata, domin a gidajen da maza ba sa shiga, mata kaɗai ke iya kaiwa ga inda ake ajiye ruwa, sai masu jin Kanuri da Larabcin Shuwa, ko daga wace tsangaya suke.

Abin da ya rage mana a wuya shi ne horar da matasan unguwanni su riƙa kula da famfunan da aka gyara, kuma kwamiti yana roƙon taron shekara ya amince a sa shi a gaban duk wani sabon aiki kafin faɗuwar damina.