Mutumina, lantarki ya gano hanya da kansa

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da amarya da Hajiya. Tun bayan Sallah shiru kake, kamar an aiki bawa garinsu. To ni dai labarin da ke bakina ya ƙi jiran ka.

Daren Talata abin nan ya yi aiki! Memristar nan da nake cika maka kunne da ita: 'yar na'urar da ke tuna yawan lantarkin da ya ratsa ta, turjiyarta ta sauya, ko an ɗauke wuta ba ta mantawa. Wani masanin lantarki, Leon Chua, ya yi hasashenta a 1971, sai a 2008 mutanen kamfanin HP suka sanar sun ƙera ta. Na jera kwaikwayon memristoci a kwamfuta kamar lungunan cikin birni, na toshe wasu, na ba da wuta a mashiga da mafita. Shayina har ya huce ina zuba wa allo ido. Sai layi ɗaya ya riƙa yin ja, sauran suna dusashewa. Wallahi gajeriyar hanyar ce, sau uku na ƙirga da yatsa.

Ba bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya aka yi ana lissafi ba, irin dabarar nemo gajeriyar hanya da masanin kwamfuta Dijkstra ya wallafa a 1959. Lantarki ya bazu ko'ina lokaci guda. Inda tafiya ta fi gajarta ya fi kwarara, memristocin wurin suka ƙara buɗewa, wato turjiyarsu ta ragu, ya ƙara tuɗaɗowa. Ka tuna turbarmu ta zuwa rafi? Sawu ne ya share ta. Wasu masana biyu, Pershin da Di Ventra, sun nuna wannan tun 2011, amma gani ya kori ji.

Kai da ka ɓata a Kasuwar Kurmi har la'asar, kai za a fara rataya wa ita a wuya.

Af, an sa ranar ɗan ajinmu mai keken nan, bayan Maulidi. Kada ka ce ban faɗa maka ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne memristoci na gaske ba sa fitowa iri ɗaya kamar na kwamfuta. In hanyoyi biyu suka kusa kai ɗaya a tsawo, ɗan bambancin nan zai iya karkatar da lantarki. In wuta ta yi yawa kuma, duk lungunan su buɗe, amsa ta ɓace. Malam ya ce mu gwada da guda ashirin tukuna, in Allah ya kawo kuɗin. Ka ce Hajiya ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.