Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Kajin Nama, Jos

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamitin gudanarwa ya sa a gaba a bana shi ne amsa tambayar da ba ta taɓa barin taronmu ba, wato wane irin kajin nama ne ya fi dacewa da yanayinmu. Mambobin da suka amince sun yi kiwon Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres da Marshall, wasu kuma suka haɗa da Noiler, wato kaza mai launi da ake kiwo don nama da ƙwai, kowa yana ɗora kajinsa a sikeli duk mako yana rubuta abincin da suka ci da waɗanda suka mutu.

Fararen irin nan huɗu duk sun kai girman yanka tsakanin mako 6 zuwa 8, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wadda muka gani tsakanin ɗakin wani mamba da na wani ba. 'Yan tsakin da suka kwana a mota daga Ibadan suka iso a galabaice sun ci gaba da zama baya har ranar sayarwa, ko da wane suna ke jikin kwalinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma ɗan tsako yana buƙatar ɗumi wajen digiri 32 a makonsa na farko. A wata ziyarar asuba da muka kai Bukuru cikin hunturu, mun tarar gawayin murhu ya mutu, tsakin sun cure a lungu ɗaya suna danne juna, bayan makonni kuma mafi saurin girma a cikinsu ne suka fara tara ruwa a ciki. Mambobinmu na wajen Shendam kuwa zafin bazara ne ya dame su, domin manyan kajin kan buɗe baki suna haki, su saki fukafukai, su bar abinci. A can Noiler ta nuna juriya ƙwarai, sai dai jinkirin girmanta yana cin masara da waken suya, alhali abinci ne ke lashe mafi yawan jarin mai kiwo. A ganinmu ta fi dacewa da mai sakin kaji su yi kiwo a tsakar gida.

Mun kuma sayo rigakafin Lasota na cutar Newcastle da na cutar Gumboro a dunƙule daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, muka raba cikin ƙanƙara.

Kwamiti yana roƙon waɗanda ba su kawo littafin awonsu ba su miƙa wa magatakarda kafin taro na gaba, domin a baɗi za mu maimaita gwajin da damina, da tsaki daga wurin ƙyanƙyasa guda.