Wasiƙa: Garin Da Ya Riƙe Sunayen Talakawansa, Da Namu Garin Na Jos

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani gari na ƙasar Ingila da mutanen da suka yi suna a cikinsa, domin abin da na gani a can ya tayar mini da wani tsohon miki game da garinmu na Jos, kuma tun da na dawo gida abin bai bar zuciyata ba.

Sunan garin South Shields. Yana bakin teku ne a arewa maso gabashin Ingila, daidai inda kogin Tyne yake zuba, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa daga Newcastle wadda masu kallon ƙwallo suka sani. Mutanensa kimanin dubu 75 ne. Haƙar kwal da ƙera jiragen ruwa ne suka raya shi, kamar yadda kuza ta raya Jos da Bukuru, kuma kamar mu, arzikin ya yi ƙaura ya bar su, domin babbar maƙerar jirage ta Readhead ta rufe a 1984, ramin kwal na Westoe kuma ya bi ta a 1993. Na je can ne bara, lokacin da ɗan ƙanena ya kammala karatu a makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta garin, na yi kwana goma sha biyu.

Ni tsohon malamin asibiti ne, saboda haka bari in fara da wanda ya fi taɓa ni. Sama da shekara arba'in da suka wuce, a makarantar koyon aikin lafiya, an koya mana mu tsaya a bayan mutum mu laluba bayan wuyansa da yatsu, idan muka ji kaluluwa ta kumbura sai mu yi zargin ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Ana kiran wannan alama da sunan Winterbottom. Na haddace sunan don jarrabawa, na kuma laluba wuyan mutane da yawa a ƙauyuka, amma ban taɓa tunanin cewa mai sunan mutum ne da yake da gari da dangi ba, sai da ɗan ƙanena ya gaya mini cewa makarantar da ya yi karatu a ciki, da dukiyar wannan likita aka kafa ta. An haifi Thomas Winterbottom a South Shields a 1766, ya yi aikin likita a Saliyo na shekara huɗu daga 1792, ya wallafa abin da ya gani a 1803. Ya rasu a 1859 yana da shekara 93, aka buɗe makarantar a 1861 bisa wasiyyarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shi da kansa ya rubuta cewa dillalan bayi sun riga shi sanin alamar, domin sukan laluba wuyan bawa, idan suka ji kumburin sai su ƙi saye. Ashe ilimin yana nan a gaɓar Afirka tun kafin zuwansa, a hannun azzalumai da waɗanda ake zalunta. Shi ne dai ya ɗauki alƙalami, shi ya sa yau ɗalibai a Jos da Zariya da Maiduguri suke haddace sunansa.

Kusa da bakin teku akwai wani tsohon kwalekwale na katako da aka yi wa rumfa aka kewaye da ƙarfe. An ƙera shi a 1833, kuma allon da ke jikinsa ya nuna cewa an ceci mutum sama da dubu da shi. Labarinsa ya faro ne daga 1789, lokacin da wani jirgi mai suna Adventure ya kife a bakin kogin, ma'aikatansa suka riƙa faɗawa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna tsaye a kan tudu suna kallo, babu abin da za su iya yi. Attajiran garin suka sa kyautar fam biyu da sule biyu ga duk wanda ya fito da fasalin kwalekwalen da zai iya shiga igiyar ruwa ya ceto mutane. Wani talaka mai suna William Wouldhave ya kawo samfurin da ba ya nutsewa, wanda idan ya kife yakan juyo da kansa. Ana ba da labari cewa ya samo dabarar ne daga ɓallin akushi da ya gani yana yawo a kan ruwa a bakin rijiya, duk yadda aka juya shi sai ya koma daidai. Alƙalan gasar suka ce rabin kyautar kawai za su ba shi, shi kuwa ya ji an raina masa wayo ya ƙi karɓa. Aka ba wani maƙeri, Henry Greathead, aikin ƙera kwalekwalen, aka sa shi a ruwa a 1790, daga baya majalisar dokokin Birtaniya ta ba Greathead fam 1,200. Wouldhave ya mutu a 1821 cikin talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma jikokin waɗanda suka tauye masa haƙƙi sun dawo sun gina hasumiyar tunawa a 1890 da sunayen mutanen biyu, kuma har yau idan ka tambayi ɗan garin wa ya ƙirƙiro kwalekwalen ceto, sunan talakan ne yake fara fitowa daga bakinsa.

A tsakiyar garin kuma akwai gunkin wani saurayi da jaki. John Simpson Kirkpatrick ke nan, wanda aka haifa a 1892, yana yaro yana jan jakuna a bakin teku yana ɗaukar yara don 'yan kwabbai. Ya gudu daga aikin jirgi a Ostareliya, ya shiga soja a can, aka kai shi Gallipoli a ƙasar Turkiyya ranar 25 ga Afrilu 1915 a matsayin mai ɗaukar masu rauni. Ya samu jaki ya riƙa sauko da su daga kan duwatsu harsashi na ta zuba, har aka harbe shi ranar 19 ga Mayu, bai cika wata guda a fagen fama ba, yana da shekara 22. Ba na daga cikin masu sha'awar gumaka, kuma ba su nake kira a yi mana ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne wanda suka zaɓa su tuna, mai jan jaki ne da bai taɓa riƙe wani muƙami ba.

Akwai wasu da duniya ta fi sani, ba zan daɗe a kansu ba. Catherine Cookson, wadda aka haifa a 1906 a unguwar ma'aikatan tashar jirage, ta yi aikin wanki a gidan gajiyayyu kafin ta rubuta littattafai kusan ɗari da aka sayar da kwafi sama da miliyan 100. Ridley Scott mai shirya finafinai ɗan garin ne, haka ma Stan Mortensen da ya ci ƙwallo uku a wasan ƙarshe na kofin FA a 1953.

Inda na fi daɗewa shi ne unguwar Laygate, wurin da na yi sallar Juma'a sau biyu a masallacin Al-Azhar. Tun wajen 1890 matasan Yaman suke hawa jiragen Birtaniya daga tashar Adan suna aikin zuba kwal a tukunyar jirgi, aikin da ake yi a ƙarƙashin jirgi cikin zafin da ba kowa ke iya jurewa ba. Da yawansu suka sauka a South Shields, suka buɗe gidajen saukar baƙi da shagunan abinci, suka auri matan garin. Ba a karɓe su da hannu biyu ba. An yi tarzoma a kansu a 1919 bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da aikin jirgi ya yi ƙaranci, an kuma sake gwabzawa a watan Agustan 1930 a wurin da ake kira Mill Dam, saboda wani tsarin layin ɗaukar aiki da aka ƙaƙaba wa Larabawa da Somaliyawa kawai, aka ɗaure wasu aka kori wasu daga ƙasar. Duk da haka suka zauna, suka binne 'yan uwansu da jiragen yaƙin Jamus suka kashe a teku tare da Turawa, wani malaminsu Shehu Abdullahi Ali al-Hakimi ya kafa musu zawiya a shekarun 1930, daga baya suka gina masallaci. A wannan masallaci ne aka sa wa auren Muhammad Ali albarka a watan Yulin 1977, yana riƙe da kambun damben duniya, bayan wani mai fentin gidaje na yankin ya bi shi har Amurka ya roƙe shi ya zo ya taimaka a tara wa ƙungiyoyin damben yara kuɗi. Wani dattijo da muka fito sahu ɗaya, fari sol mai koren ido, da ya ji daga Nijeriya nake sai ya riƙe hannuna ya nuna mini inda ya tsaya a ranar yana yaro, ya ce kakansa ɗan Yaman ne, kakarsa Baturiya. Bai iya Larabci ba sai na salla, Turancinsa kuma na 'yan garin ne wanda sai na kasa kunne sosai nake ganewa.

Mutanen garin ba su ɓoye tarzomar 1930 ba. Suna faɗin ta, suna kuma lissafa waɗannan ma'aikatan jirgi a cikin waɗanda suka gina garin. Har ma sukan kai ka gidan tarihi na tsohon sansanin Rumawa, Arbeia, su nuna maka dutsen kabarin wata mata mai suna Regina, 'yar asalin Birtaniya, wadda mijinta Barates ɗan Tadmur ta ƙasar Sham ya sa aka sassaƙa mata shi kusan shekara 1,800 da suka wuce, da rubutun Latin da kuma layi guda a harshen garinsu.

To, Malam Edita, mu dawo gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo Filato ne a diban gwamna, lokacin da Japan ta kama Malaya a 1942, Turawa suka rasa kuzar can, suka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa dole suka kawo su haƙa. Yakan ba mu labarin sanyin da ya kashe abokan tafiyarsa a bariki, mutanen da suka zo daga ƙasa mai zafi da riga ɗaya, da yadda suke wuni cikin ruwa har gwiwa da kwano a ka. Da aka sallame su a 1944 bai koma ba, ya ci gaba da aiki a wani kamfani har ya zama helma, ya yi aure a Bukuru. A gefensa Birom ne da aka haƙe gonakinsu, da Ngas, da Tibi, da Kanuri, da Ibo masu aikin inji da ofis, da Yarbawa 'yan kasuwa. Ina sunayensu suke yau? Muna da Sabon Gidan Kanar, wanda muƙamin Bature ne a kansa, muna da kududdufan da haƙar ta bari suna cinye mana yara da shanu duk damina, amma ban san allo ɗaya a garin nan da ke ɗauke da sunan lebura ba. Ko labarin kayan tarihin Nok, kowa ya san Bernard Fagg da ya kafa gidan tarihin Jos a 1952, kuma ya cancanci a san shi, amma mutumin da ya ɗauki wani kan mutum-mutumi na yumɓu daga wurin haƙa ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, wanda ta dalilinsa abin ya kai ga Fagg, a littattafai "wani ma'aikacin haƙar kuza" kawai ake ce masa. Marigayi Ɗan Maraya ne kaɗai na sani ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe masu ƙananan sana'o'i, shi ma ya tafi tun 2015.

Ina ganin wannan rashi yana da hannu a rigimar ɗan ƙasa da baƙo da ta ci mana rayuka tun 2001. Kowane ɓangare yana riƙe da jerin sarakunansa da manyansa, babu mai riƙe da jerin waɗanda suka yi gumi a rami ɗaya, alhali a wannan jeri ne kowa zai tarar da kakansa kusa da kakan maƙwabcinsa. Ba na cewa rubuta suna zai kashe wuta, domin su ma mutanen South Shields ba su rasa nasu ɓaraka ba har yau, sai dai yaron da ya san kakansa da kakan abokin gabarsa sun sha kunu a kwano ɗaya zai ɗan yi jinkiri kafin ya ɗauki dutse.

Garin South Shields yana da jarida, Shields Gazette, tun 1849, kuma da yawa daga abin da suka sani game da mutanensu a shafukanta aka adana shi. Shi ya sa nake kawo kukana gare ka. Ina roƙon wannan jarida ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ta tura wakilinta Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi da Gana Ropp, ya zauna da tsofaffin da suka rage da 'ya'yansu, Musulmi da Kirista, ya rubuta sunayen iyayensu da garuruwan da suka fito da ramukan da suka yi aiki. Waɗanda suka ga diban gwamna da idonsu sun kusa ƙarewa, mu 'ya'yansu ma mun fara bin layi. A wurina akwai takardar sallamar mahaifina da hotonsa guda ɗaya tare da mutanensa goma sha ɗaya a bakin rami, kuma yayata da ke Bukuru tana iya faɗin sunayen bakwai daga cikinsu. Duk ranar da wakilinka ya shirya, ya zo za mu ba shi.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin asibiti,
Bukuru, Jos.